Allon da na kai ƙasar Yauri

Sana'ata rubutun allo. Shekara goma sha bakwai ke nan ina da rumfa a Birnin Kebbi, ina rubuta sunayen shaguna da makarantu da bayan manyan motoci, lokacin siyasa kuwa sai dai barci ɓarawo ya sace ni. Mai irin aikina ba ya binciken gaskiyar abin da aka kawo masa. In ka ce in rubuta shayinka ya fi na kowa daga nan har Kamba, nawa dai kada harafi ya karkace.

Cikin watan Fabrairun bara wani mutum ya tsaya bakin rumfata da farar Hilux, ya ce daga wani kamfanin haƙar zinari yake, can ƙasar Yauri. Sun yi wa wani ƙauye rijiyar burtsatse mai sola, ranar Alhamis za a buɗe, suna son allon ƙarfe ƙafa shida a huɗu, sama Turanci, ƙasa Hausa. Ya miƙo mini Turancin a takarda, ya ce Hausar in san yadda zan yi da ita. Nan take na rubuta masa: "Kyauta daga kamfanin kaza ga al'ummar gari kaza." Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, bisa sharaɗin ni zan kai allon in kafa shi da hannuna. Sunan kamfanin da na ƙauyen zan bar su a cikina, akwai mutanen da nake jin nauyinsu a can.

Ranar Laraba bayan sallar asuba ni da yarona muka kai allon tasha. 'Yan kamasho suka yanka masa kuɗin mutum biyu, aka ɗaure shi saman wata tsohuwar Sharon, na lulluɓe fuskarsa da kwali don kada fentin ya ƙuje. A jakata akwai gwangwanin shuɗin fenti da burushi biyu, don allo bai taɓa yin doguwar tafiya ya isa ba tabo ba.

Muna fita gari hayaƙi ya tare mu, ba hazo ba, hayaƙin ɓuntun shinkafa. Duk wanda ya san Kebbi kafin 2015 ya san an ga sauyi. A watan Nuwamban shekarar ne Shugaba Buhari ya zo nan ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma bashi, fadama ta cika da injinan ban-ruwa, ga manyan kamfanonin casar shinkafa, Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injinan casa ba adadi. Alherin shinkafa ba mai musunsa, ni kaina rabin allunan da na rubuta a shekarun nan na masu shinkafa ne. Amma bayan wasu ƙananan injinan ɓuntu ne tsibi-tsibi an cinna masa wuta, shi kuwa ba ya ci da harshe, sai dai ya yi ta cin ciki kwana da kwanaki, matan unguwa su yi shanya su kwashe da toka. Direba ya ɗaga gilashi ya ce, "Mai injin shina gidanai da fanka, hayaƙi shina nan." Aka yi dariya, har da ni. A lokacin gani nake hayaƙin wasu ne.

A Jega mutum biyu suka sauka, wata mata ta shigo riƙe da akwatin sanyi irin na allurar rigakafi, ta ɗora shi a cinya kamar jariri. Da ta ji ina gaya wa direba inda za ni, sai ta juyo.

"Malam, kai ne mai allon burtsatse? Ashe tafiyarmu ɗaya. Ni ce malamar asibitin garin."

Muna hawa gadar gulbin Zamfara ta nuna ruwan da haɓa, ta ce duk sanda ta ƙetare shi sai ta tuna Anka, don can ta fara aiki, aikinta na farko kuma shi ne riƙe yara masu jijjiga. A farkon 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka fita neman masu sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da maƙabartarsu ta cika da ƙananan kaburbura sababbi. An yi maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba, sai da aka gwada jininsu aka gano dalma ce. Zinari ya yi tsada a duniya, maza na haƙo dutse su kawo gida, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, mata su daka a turmi a tsakar gida, dutsen kuwa cike yake da dalma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan. Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Bagega. Ta jero su kamar mai kiran sunayen danginta. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani, wasu sun rayu amma ba ido, wasu ba ƙwaƙwalwar karatu. Kuma ba a ba yaro magani sai an kankare ƙasar gidansu an kai an binne an zubo sabuwa, in ba haka ba gubar zai koma ya tarar. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kankarar. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Direba ya ce, "To Hajiya, wanga ai ba kamfani ya yi shi ba. Mutane sunka yi ma kansu."

"Haka ne," in ji ta. "Amma zinarin da aka wanke a Bagega, a Bagega aka sa shi a wuya? Wani ya kawo injin, wani ya saya, wani ya hau jirgin sama da shi. Ranar da aka zo kankare ƙasa ban ga ko ɗayansu da shebur ba."

Motar ta yi tsit har Maiyama.

Daga nan zuwa Koko ba abin faɗi sai ramuka da tireloli masu kai albasa da shanu Kudu. Igiya ta kwance sau ɗaya, allon ya daki rufin mota, na ji shi har cikin haƙorina. Muka ci tuwo a Koko, azahar ta yi mana a Yelwa.

Na daɗe rabona da Yauri. A nan Kwara ta daina zama gulbi ta zama tabki, ka duba ba ka ganin ɗaya gaɓar sosai. Kwale-kwale masu inji na shiga suna fita, mata na banda kifi, cikin fasinjoji wasu sun sa rigar ruwa, da yawa kuma sun mayar da ita matashin zama. Rigunan sun yawaita ne bayan hatsarin Warrah na watan Mayun 2021, inda jirgin da ya ɗauko mutum sama da 150 ya nutse, kaɗan suka fita. Mai kabu-kabu bai iya ɗaukar allo, don haka muka jira a-kori-kurar 'yan kasuwa, Malama a gaba da akwatinta, ni da yarona a baya muna riƙe da kayanmu tsakanin buhunan gishiri.

Tun kafin mu bar kwalta muka fara ganin ramuka a gefen hanya, samari na fitowa daga ciki fari fat kamar an tsoma su a gari. Zinarin ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne. A watan Yulin 2020 an nuna wa Shugaba Buhari sandar zinari mai nauyin kilo 12.5 a Abuja, Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268, kuma Kebbi na cikin jihohin da aka fara gwada wannan shiri na sayen zinarin ƙananan mahaƙa. Na tuna hoton sandar a talabijin, tana ƙyalli a hannun manya. Ba ta yi kama da ko ɗaya cikin yaran nan ba.

Da muka sauka kwalta sai ƙura. Tifofin kamfani na wuce mu ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta bar mana hadarinta, ganyen mangwaron bakin hanya duk ya koma ja. Muka wuce shingen waya, a ciki katafila biyu da injinan niƙa dutse, a ƙasansu wani tafkeken kududdufi mai kalar koko. La'asar sakaliya muka shiga gari.

Gaskiya ɗaya ce, burtsatsen an yi shi da kyau. Tanki biyu bisa ƙarfe, faranten sola, bakin famfo shida, an zuba siminti an yi magudana. Na tara hannu na sha, ruwan sanyi ƙalau, ba ɗanɗanon komai. 'Yan mata sun yi layi da jarkoki tun ba a buɗe ba. Na faɗi wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka fanko na je na tarar.

Muka haƙa rami biyu, yarona ya kwaɓa siminti, muka tsayar da allon, na cire kwalin. Yara suka yanyame mu. Wani ɗan firamare, don a san ya iya, ya shiga karanta Hausar da ƙarfi, harafi-harafi. Can gindin tsamiya wani tsoho na zaune bisa tabarma yana gyaran raga.

"Yaro, sake karanta mani farkon."

"Kyau-ta da-ga kam-fa-nin..."

"Kyauta." Ya ajiye ragar. "Wa ya rubuta?"

Na matsa na durƙusa na gaishe shi. "Ni ne, Baba."

"Su sunka ce kyauta, ko kai ka ce?"

Na buɗe baki na rufe. Turancin nasu ne, kuma abin da yake nufi ke nan, amma kalmar ni na zaɓo ta, a rumfata, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba.

"Taho in gwada maka wani abu," in ji shi.

Ya dogara sanda na bi shi, muka gangara bayan gari zuwa wani rafi. Ban ga ruwa ba, taɓo na gani, ja, mai kauri, yana malala a hankali kamar kunun da ya huce. Ya gangaro ne daga wajen kududdufin nan da muka wuce. A gaɓa ga sawun shanu sun zo sun juya. Baba ya ce nan ne mashayarsu tun ranar da aka kafa garin, nan mata ke wanki, nan yara ke kama tarwaɗa in ruwa ya ja baya, nan Fulani ke shayarwa. Shekara uku ke nan ko jaki ba ya sa baki. Ya nuna mini inda burtali ya bi da, yanzu rami ne mai zurfin gaba uku cike da koren ruwa, ba shinge. Saniya biyu sun faɗa, in ji shi, da damina kuma iyaye ba su da aiki sai ƙirga 'ya'yansu da magariba.

"Ɗana, in na fasa maka tulu, na tafi kasuwa na sawo maka wani, kyauta na yi maka?"

"A'a, Baba."

"In kuma na tara mutane da makaɗa, na ce ka tashi ka yi mani godiya bisa tulun fa?"

Ban ce komai ba. Shi ma bai jira amsa ba, ya nemi dutse ya zauna, ya juya fuskarsa wajen tabki.

"Wagga ba ita ce ta farko ba. Ni a gungu anka haife ni."

Yana ɗan shekara goma, in ji shi, aka zo da manyan jirage aka kwashe su. Wannan shi ne tashin da aka yi saboda madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Mutum wajen 44,000 aka tayar, tsohuwar Bussa ta nutse ɗungurungum, tsibiran da Gungawa ke noman albasa a kansu suka shige ƙarƙashin ruwa. An gina musu gidajen siminti a tudu, wasu na nan har yau, ya nuna mini ɗaya ta tsage an mayar da ita rumbu.

"An ba mu ɗaki, an karɓe gungu. Gonar albasarmu da kushewar kakanina suna cikin ruwan ga. Sannan ma cewa anka yi mu gode. Wutar kuwa ta bi ta bisa kanmu ta tafi Yamai."

Ba ƙarya ya yi ba. Layin lantarkin da ke kai wuta Nijar ta Birnin Kebbi ya bi, da yawanmu ma ba mu damu da sanin haka ba sai da aka yanke shi a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin can. Garin Baba kuwa ko turken lantarki ɗaya ban gani ba. Dokar kafa hukumar raya yankunan madatsun ruwa sai a 2010 aka yi ta, shekara 42 bayan ruwa ya ci gungunsu, ita ma sai da ta yi shekara goma a takarda kafin hukumar ta kama aiki.

A gidan hakimi aka sauke mu. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, Malama ta leƙo gaisuwa ta tambayi daga ina aka kamo kifin, aka ce na tsakiyar ruwa ne, ta ce to mu ci. Na bakin rafi take tsoro. Samarin da ke haƙa da hannu suna sayar wa kamfani da dillalai, da zaiba suke kama zinarinsu, su murza ta da hannu cikin kwano, su ƙona a cokali suna shaƙar tururin, sauran ya bi ruwa ya shiga cikin kifi. Ta ce akwai wani gari a Japan, Minamata, inda kamfanin Chisso ya yi shekaru yana zuba dattin zaiba a teku, masunta na cin kifi suna shanyewa, aka gano cutar a 1956, kuma da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018. Ta je ta yi wa kamfani magana, suka ce su ba sa aiki da zaiba, abin da mutum ya yi kafin ya kawo musu kaya kuma ba ruwansu. Na tuna maganar shebur a mota.

Bayan isha'i hakimi ya sallami mutane, ya sa aka jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da takarda naɗe cikin leda.

"Malam, tunda kai mai boko ne, duba mani wagga. Sau ɗaya anka karanta muna ita, tafintansu ya karanta."

Shafi bakwai, Turanci zalla, a ƙarshe sa hannun mutanen kamfani da dangwalen yatsu tara. Yarona ya haska mini tocila, na bi ta a hankali, Turancin lauyoyi ba irin na allo ba ne. Yarjejeniya ce tsakanin kamfani da gari, shekararta uku. A shafi na huɗu aka jera abin da kamfani ya ɗauka zai yi: ruwan sha cikin wata goma sha biyu, gyaran aji uku na firamare, ɗaukar 'yan gari aiki, yayyafa wa hanya ruwa da rani saboda ƙura, sai cike ramukan da aka gama da su a dasa itatuwa. Na sake karanta layin farko. Burtsatsen da za a yi wa kiɗa gobe, an sa hannu a kansa tun shekara uku, ya ma makara da shekara biyu.

Garin ba sabis sai an hau wani suri bayan masallaci. Na hau cikin duhu na kira ƙanena, lauya ne a Birnin Kebbi. Ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, haka tsarin mulki ya ce, shi ya sa lasisi daga Abuja yake fitowa, mai gona sai dai diyya. Amma dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Tun 1992 akwai dokar da ta ce sai an auna illar babban aiki ga muhalli kafin a soma, gyara ƙasar da aka ɓata kuma wajibi ne a kan wanda ya haƙa. Ya ce a yankin mai, dokar 2021 ta yanka kashi uku cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikin kamfani a ba garuruwan da ake haƙa a cikinsu, na ma'adinai kuwa an bar shi ga ciniki, gari mai baki ya samu, marar baki ya dangwala.

"Yaya, abin da ke cikin takardar nan bashi ne. In sun ga dama su ƙara da kyauta a kai, amma sai sun biya tukuna."

Na sauko na fassara wa hakimi layi-layi. Ya daɗe yana jan carbi. A zauren akwai sabon babur, ledar kujerarsa ma ba a cire ba. Da rana na ji samari na gunaguni cewa ranar dangwale dattawa ba su fito hannu rabbana ba. Ban tambaya ba, baƙo ne ni, tuwonsa kuma na cikina. Sai dai na san ƙadangare ba ya shiga bango sai ya tsage.

Daren nan barci ya ƙi. Ga fenti a jaka, ga burushi, kalma ɗaya ce, minti goma ya ishe ni in shafe ta in sa wata. Amma ga cikon kuɗina, ga kuɗin makarantar yara uku na jira, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na juya, na sake juyawa, har aka kira assalatu. Ban taɓa allon ba.

Da safe tankar ruwa ta bi hanya tana yayyafi. Yarona ya ji wata mata na cewa rabonsu da ganinta tun zuwan wasu baƙi bara. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, makaɗa suka zo, 'yan jarida biyu suka sauko daga mota suna kaɗe riga. Aka kira zawarawa aka ba kowacce ƙaramin buhun shinkafa, a tsayar da ita gaban allona, a ce ta ɗaga buhun sama kaɗan, a ɗauki hoto.

Kafin a yanke zare na ja mutumin Hilux gefe na ce, "Yallaɓai, kalmar nan ta kyauta, wasu dattawa ba ta yi musu daɗi ba." Na zaci zai yi faɗa. Sai ya cire tabarau ya murza ido, na ga ashe shi ma a gajiye yake.

"Malam, ni ma ɗan ƙauye ne. Ka san abin da muke biya kafin mu haƙa ko cokali ɗaya? Abuja ta karɓa, jiha ta karɓa, ƙaramar hukuma ta karɓa, masu tsaro mu ke ciyar da su. Hanya aikin wa ce? Makaranta aikin wa ce? Mun zo neman riba an mayar da mu gwamnati. Jeka tambayi samarin da muke biya duk mako ko suna son mu tashi. Ramukan da ka gani kuma rabinsu ba namu ba ne, 'yan garin ne suka haƙa."

Akwai gaskiya a maganarsa, har yau ina juya ta. Aji uku da hanya, in ana bin ƙa'ida, ba kamfani ya kamata gari ya roƙa ba, kuma na ga samarin da ya faɗa, sun yi aure da kuɗin aikin, sun sayi babura. Amma ban ga yadda harajin da aka kai Abuja zai wanke rafi ba, taɓon kuma ba daga sakatariyar ƙaramar hukuma ya gangaro ba. Na ce masa, "To rafin fa, Yallaɓai?" Ya ce ana kan duba shi. Aka kira shi ya tafi.

Liman ne ya rufe taro da addu'a. Kafin ya ɗaga hannu ya jawo hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa, ya ƙara da wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Ya ce shingen waya ba ya raba maƙwabtaka. Manyan baƙi suka shafa suka ce amin, ƙila ba su ji inda aka dosa ba, ƙila sun ji. Baba bai zo wurin ba, na hango shi gindin tsamiyarsa da ragarsa.

Ana kwashe kujeru Malama ta same ni ina haɗa kaya.

"Malam, fentinka ya rage?"

Ta kai ni asibitinta, ɗaki biyu da baranda, bangon da ke kallon hanya fari ne ba komai a jikinsa. Ta ce abin da na karanta wa hakimi jiya, wanda duk gari ya riga ya ji kafin gari ya waye, shi take so a bangon nan, da Hausa, yadda kowa zai gani. Na ce sai da izinin hakimi. Muka aika, ɗan aike ya dawo ya ce hakimi ya ce bangon ba nasa ba ne, na asibiti ne. Muka ɗauki wannan a matsayin amsa.

Na ja layi da zare da alli kamar yadda na saba. A sama na sa ranar da aka sa hannu, a ƙasa alkawura biyar, kowanne da layinsa, ban ƙara ko wasali a kan abin da ke takarda ba, ban kuma sa sunan kowa ba. Ɗan liman ya bi ƙarƙashin kowane layi da gawayi ya rubuta shi da ajami, ni kuma na bi sawun gawayinsa da burushi, hannuna na rawa don ban saba rubutu daga dama ba. Gaban layin farko Malama ta ce in sa alamar an yi, tunda an yi. Na sa. Mata masu dawowa daga burtsatse suka tsaya da jarkoki a ka, wata ta karanta ajamin a fili, ta kai layi na biyar ta ce, "Ashe har da ramukka?"

Ina kan layi na huɗu farar Hilux ta zo wucewa. Ta rage gudu, gilashi ya sauka, aka ɗauki hoton bangon da waya, da ni a tsaye bisa benci, gilashi ya koma.

Da za mu tafi ranar Juma'a Baba ya aiko jikansa da bandar kifi naɗe a takardar siminti, ya ce a gaya mini na tsakiyar ruwa ne. Muka ci rabi a mota tsakanin Yelwa da Koko, hannuna duk shuɗin fenti, sauran na kai wa mai ɗakina.

Cikon kuɗina sai bayan mako biyar ya shigo, an zare kuɗin mota, kuma tun daga nan kamfanin bai sake kawo mini aiki ba. Allon na nan inda na kafa shi, da kalmarsa. Cikin watan Agusta Malama ta hau suri ta kira ni. Ta ce an kawo bulo an jibge a firamare, ba a dai fara ba, rafi na nan yadda na bar shi, ruwan sama kuma ya fara cin layin ƙasa, na cike ramuka, don indararo a kansa yake zuba. Tana tambayar nawa ne ƙaramin gwangwanin fenti yanzu. Na ce ta bar shi, ina da aikin allon wata makaranta a Koko in ruwa ya ɗauke, daga can zan ƙaraso.